BABI NA HUƊU: Littafin Shaihu Umar da Koyar da Rayuwar Mutanen Da a Makarantun Firamare na Kudancin Kogin Kaduna

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda darasin Tarihi ya yi ta shiga yana fita a manhajar makarantun firamare na ƙasar nan, wato yadda aka narkar da shi cikin darasin zamantakewa har aka daina kiran sa da sunansa wajen shekarar 2009, da kuma yadda Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar mayar da shi a 2018, ta sake jaddada haka a 2022. An kuma nuna cewa mayar da darasi a takarda abu ne mai sauƙi, amma malamin da zai shiga aji biyar ko aji shida yana bukatar abin da zai riƙe a hannu ya karanta wa yara.

A wannan babi za a ɗauki littafi guda, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a auna shi da tambaya ɗaya. Idan malami a Kakuri ko Makera ko Sabon Tasha ya ɗauke shi don ya nuna wa yara yadda mutanen da suka rayu, me yaran za su gani, me kuma zai ɓuya gare su? Ba za a tsaya kan zubi da tsari ko salon sarrafa harshe ba sai inda suka taɓa wannan tambaya, domin manazarta da dama sun riga sun yi wa waɗannan fannoni aiki.

4.1 Asalin Littafin

Shaihu Umar yana ɗaya daga cikin littattafai biyar da aka buga sakamakon gasar ƙagaggun labarai da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya a shekarar 1933. Sauran su ne Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubucin, wanda aka haifa a 1912, bai daɗe da gama Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina ba a lokacin, kuma aikin koyarwa ya kama a Midil ta Bauchi. Ke nan malamin makaranta ne ya rubuta littafin, kuma 'yan makaranta na cikin waɗanda aka nufa da shi tun farko. Daga baya Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976.

Akwai wani abu game da lokacin rubuta shi da ya kamata a riƙe. Dokar da Lugga ya kafa a 1901 ta hana harin bayi da cinikinsu, ta kuma 'yanta yaran da aka haifa bayan kafa ta, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai a 1936. Saboda haka a lokacin da littafin ya fito a 1934 akwai bayi a raye da iyayen gijinsu, kuma akwai waɗanda suka kai hari da waɗanda aka kai wa, duk suna cin kasuwa ɗaya. Abin da yake tarihi ga yaron yau, ga marubucin labarin jiya ne.

4.2 Abin da Littafin Ke Nuna wa Yaro

Labarin a taƙaice shi ne: wani shehin malami a Rauta yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa. An haife shi a Kagara bayan mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, fadawa suka yi wa Makau sharri aka kore shi, ya koma Maƙarfi. Ana cikin haka aka sace Umar yana ƙarami, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗa, ya ƙetare Hamada da shi, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka bautar da ita, ba su sadu ba sai a Tarabulus tana gab da rasuwa.

A ra'ayin mai wannan nazari, cikin tsofaffin littattafan zube na Hausa babu wanda ya kai wannan dacewa da koyar da rayuwar da. Dalili na farko shi ne yaro ne tauraronsa. Idan aka kwatanta shi da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta buga a farkon shekarun 1930, za a ga bambanci. Wancan littafi taska ce, amma akasarinsa jerin sarakuna ne da shekarun da kowa ya yi bisa gado da yaƙe-yaƙen da ya yi. Ɗan shekara goma sha ɗaya zai iya haddace sunan Rumfa ko Kanta ya ci jarrabawa, ba tare da ya san abin da tsaransa na wancan zamani yake ci ba, ko inda yake kwana, ko abin da yake tsoro. Ganɗoki kuwa ya fara da tarihi na gaske, wato zuwan Turawa Kwantagora a 1901, amma bai yi nisa ba ya shiga duniyar aljannu, ta yadda yaro ba zai iya raba abin da ya faru da abin da aka ƙaga ba. Magana Jari Ce ta fi su duka daɗin karatu, sai dai yawancin labaranta aro ne daga Larabawa da Indiya da Turai da aka sa wa rigar Hausa.

Shi Shaihu Umar babu aljani a cikinsa, babu zoben sihiri. Abin da ke cikinsa shi ne zaman fada da hassadar fadawa, da matsayin agola a gidan mijin uwa, da yadda mace ke neman izinin tafiya ganin gida, da shirin ayari, da wahalar ƙishirwa da guguwar rairayi, da yadda ake hawa matakan karatu daga allo zuwa littattafai. Malami mai dabara zai iya fitar da darasin taswira daga tafiyar Umar kaɗai, ya sa yara su bi hanya da yatsa daga Kano zuwa Murzuk zuwa Tarabulus, su kuma ƙiyasta watannin da raƙumi zai yi. Haka nan a nan ne yaro zai haɗu da kalmomin da suka fara ɓacewa daga bakin mutanen birni, irin su madugu da zango da ayari da fansa. Wannan kam aiki ne ga malami, domin a yankin da ake nazari yara da yawa Hausar kasuwa da ta wasa suke ji, ba ita ce harshen gidansu ba. An lura cewa karanta musu da baki, ana tsayawa ana bayani, ya fi a miƙa musu littafin a ce su karanta da kansu.

Har ila yau, littafin bai ɓoye ɗacin bauta ba. Wahalar mahaifiyar Umar ita ce mafi taɓa zuciya a dukkan labarin, kuma yaro ba ya bukatar a fassara masa abin da ake nufi da rabuwa da uwa.

4.3 Harin Ƙasar Gwari

A nan ne gizo ke saƙa. Abin da ya jawo korar Makau, wanda kuma daga gare shi duk sauran labarin ya ɓullo, shi ne wani hari da Sarkin Kagara ya aika a kai ƙasar Gwari don a kamo bayi. Mahara suka yi kwanton ɓauna, suka kama manoma, suka komo gida. Rigimar da ta biyo baya a fada ita ce fadawa sun ce Makau ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Mai karatu zai ji haushin fadawa, ya ji tausayin Makau, kuma haka marubucin ya so. To amma idan aka tsaya aka duba, zaluncin da labarin ya ɗauka da muhimmanci a wannan wuri shi ne ƙazafin da aka yi wa mutumin kirki a kan rabon ganima. Shi harin kansa an ba da labarinsa ne kamar yadda ake ba da labarin fita farauta. Waɗanda aka kamo ba a faɗi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba a ji muryarsu ba, ba a kuma sake waiwayar su ba. Su ma suna da uwaye da suka bi sawu, amma labarin uwa ɗaya aka bayar.

Haka abin yake a gaba. Abdulkarim, wanda littafin ya zana a matsayin mutumin kirki mai tsoron Allah, fataucin bayi na cikin abin da ke kawo shi ƙasar Hausa. Tausayin labarin ya fi karkata ga ɗa Musulmi da aka bautar ba bisa ƙa'ida ba. Wannan shi ne yadda malamai da sarakunan ƙarni na 19 suka kalli al'amarin, kuma a iya cewa marubucin ya yi gaskiya da ya sa irin wannan tunani a bakin dattijon da ya rayu a wancan zamani. Ta fuskar adabi ba aibi ba ne. Ta fuskar aji kuwa sai an sake lale, domin ya danganta da su wane ne ke zaune a kan benci.

Yankin kudancin kogin Kaduna ƙasar Gbagyi ce tun kafin jirgin ƙasa ya iso a 1911, tun kafin a ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru a kawo Kaduna a 1917. Unguwanni irin su Narayi da Sabon Tasha da Nasarawa suna cikin Ƙaramar Hukumar Chikun ne, mai hedikwata a Kujama. Daga baya aikin reluwe da masaƙun Kakuri suka jawo Bajju da Atyap da Ham da Adara, da Tibi da Idoma da Nufawa da Yarbawa da Ibo da Hausawa. Bayan rikice-rikicen Fabrairun 2000 da Nuwamban 2002, jama'a suka yi ta ƙaura, kogin ya zama kamar iyaka, Kiristoci suka fi yawa a kudu, Musulmi a arewa, ko da yake wurare kamar Kakuri da Makera da Barnawa ba su rasa cuɗanya ba. Ke nan a aji guda a wannan yanki za a iya samun jikan wanda ya kai hari da jikan wanda aka kai wa, kuma a wasu makarantun na biyun ne suka fi yawa. Tarihi ya tabbatar da cewa hare-haren Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora sun yi wa ƙasar Gbagyi mummunar ɓarna a ƙarshen ƙarni na 19, kuma al'ummun kudancin Zazzau suna da nasu labarin na hawa duwatsu don guje wa mahaya dawaki.

Mai wannan nazari ya ga abin da idonsa a lokacin da yake koyarwar gwaji a wata makarantar firamare da ke yankin. Yana karanta wa 'yan aji shida labarin harin, da aka ambaci kalmar Gwari sai wasu yara suka juya suna kallon wasu 'yan'uwansu biyu suna dariya ƙasa-ƙasa. Abin bai ba da mamaki ba, domin ita kalmar a bakin Bahaushe ta daɗe da ɗaukar nauyin zolaya, daga gare ta ne ma aka sami gwaranci, kuma su masu sunan Gbagyi suke kiran kansu. Da aka gama karatu aka nemi tambaya, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, su waɗanda aka kama ɗin, ina aka kai su?” Mai nazari ya duba littafin da ke hannunsa, babu amsa a ciki, kuma dole ya amsa laifinsa cewa bai shirya wa tambayar ba, domin shi kansa ya karanta littafin sau da yawa tun yana sakandare bai taɓa yin ta ba.

Akwai masu ganin cewa mafita ita ce a tsallake wannan sashe, ko a ajiye littafin gaba ɗaya a irin waɗannan makarantu, don kada a fama tsohon miki a garin da bai gama warkewa ba. Mai wannan nazari bai yarda da haka ba. Da farko dai, in an cire harin labarin ya rushe, domin ba za a san dalilin korar Makau ba. Na biyu, yaran nan suna jin labarin hare-hare a gida daga bakin kakanni, wani lokaci da zafin da ya fi na littafi, kuma in makaranta ta yi gum, na gidan ne kaɗai zai zauna a ransu. Yaron Bahaushe kuma zai tashi bai san akwai wani abu da ya faru ba, ranar da ya ji shi a bakin maƙwabci sai ya ɗauka ƙage ne. Shirun makaranta bai hana 2000 faruwa ba.

Akwai kuma kuskure na ɗaya ɓangaren, wato malami ya mayar da darasin kotu, ya raba aji gida biyu, masu laifi da masu ƙara. Littafin da kansa ya toshe wannan hanya ga wanda ya karanta shi da kyau. Umar Musulmi ne, ɗan gidan bafade, amma an sace shi. Mahaifiyarsa 'ya ce, amma an sayar da ita, kuma waɗanda suka yi mata haka masu salla ne irinta. Gidan da ya ci ribar hari a farkon labari shi ne ya ɗanɗana kuɗarsa har ƙarshe. Ko marubucin ya yi nufin a ga wannan ko bai yi ba, yana nan a cikin ƙashin bayan labarin, kuma shi ne abu mafi daraja da malami zai fitar wa yara. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga da Turanci a 1954, ya ƙarfafa wannan, domin Baba ta ba da labarin yadda danginta suke da bayi a rinji, da kuma yadda mahara suka kama wasu daga cikin danginta har sai da aka biya fansa.

4.4 Abin da Za a Haɗa da Littafin

Tun da an ce a karanta, sai a faɗi yadda za a karanta. Shawarar farko ita ce kada malami ya shiga labarin harin sai ya riga ya yi darasi a kan Gbagyi a matsayin masu ƙasa: nomansu na doya da dawa, da ginin tukwane, da yadda matansu ke ɗaukar kaya a kafaɗa, da sunan da suke kiran kansu. A nan za a iya kawo Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar Naira 20, wadda kowane yaro ya taɓa riƙewa. In an yi haka, lokacin da mahara za su faɗa wa manoman nan, yara sun riga sun san su mutane ne masu gida da sana'a. Bayan karatu kuma sai a mayar wa ajin tambayar yarinyar nan a matsayin aiki, kowa ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda aka kama, ya raɗa masa suna, ya rubuta ko ya faɗi abin da ya same shi. Wannan ya haɗa darasin insha'i da na tarihi, kuma ba ya bukatar sisin kwabo.

Sai dai ko an yi duk wannan, Shaihu Umar ya tsaya ne a bakin ƙofar zuwan Turawa, alhali rayuwar da ta yaron Kakuri tana da wani babi da ya fi kusa da shi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda ake kira KTL. Cikin shekarun 1960 Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Dubban mutane daga kowace kusurwa suka zauna ɗaki kusa da ɗaki, suka shiga ƙungiyar ƙwadago ɗaya. A Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fara harkar ƙungiya kafin ya zama shugaban ƙwadago na ƙasa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Yaran da ke firamare a yau bayan haka aka haife su, suna wucewa ta gefen dogayen katangu da tsatsar ƙofofi ba tare da sun san me aka yi a ciki ba. Wannan shi ne zamanin da kakannin duka ɓangarorin ajin suka yi tarayya a cikinsa, amma mai wannan nazari bai ci karo da littafin karatu na Hausa ko ɗaya da ya ba yara labarinsa ba. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun yi nazari mai zurfi a kan masaƙun da ƙungiyar ma'aikatansu, amma da Turanci ne, kuma don manya.

Wani abin lura shi ne wuraren adana tarihi na garin, wato Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da Gidan Ajiye Kayan Tarihi da ke titin Ali Aƙilu, da Ma'adanar Takardu ta Ƙasa, da gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, duk a hayin arewa suke. Kai yara can na bukatar mota da izinin iyaye, kuma ba kowane uba ne ke sakin jiki ɗansa ya ƙetare gada ba. Abin da ke kusa shi ne tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction, inda layin Legas zuwa Kano ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal, sai kuma tsofaffin ma'aikatan masaƙa da ke zaune a unguwannin. Wanda ya kama aiki a KTL yana ɗan shekara 20 a shekarar da aka buɗe ta, yau ya haura 85. Shugaban makaranta zai iya gayyato ɗaya daga cikinsu, namiji ko mace, a ba shi kujera a gaban aji kamar yadda almajiran Rauta suka kewaye Shaihu Umar, a bar yara su tambaye shi garin da ya fito, da nawa ne albashinsa na farko, da su wa suka zauna gida ɗaya da shi, malami kuma ya rubuta amsoshin a littafin da za a ajiye a ofis don ajin baɗi.